A Gyara Makewayi, Ba Sai An Fasa Shi Ba

Yau za mu shiga wani lungu na gida wanda ba a cika zancensa a jarida ba, watau makewayi. Dalili kuwa, akwai wani yayi da ya shigo garuruwanmu na Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukan da ke kewaye da su, wanda muke ganin lokaci ya yi da za a dube shi da idon basira. Da zarar an sa ranar biki, ko maigida ya sayar da amfanin gona ya ɗan sami sarari, sai a kira magini a ce ya fasa daɓen makewayi ƙurmus, a sa tayil, wani gidan ma har da bahon wanka na Turawa. Wanda ba shi da hali sai ya ci bashi, don kada a ce an kai amarya gidan da babu tayil.

Wannan yayi ya ƙara ƙarfi ne tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a shekarar 2011. Masu gidajen haya suka shiga gina ɗakuna masu banɗaki a ciki saboda ɗalibai da ma'aikata, matan gari suka gani, abin ya ba su sha'awa. Ba mu ce laifi ne mutum ya so abu mai kyau ba. Amma fa tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kayan gini suka yi tashin gwauron zabi, har a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa na ƙasar nan. Ra'ayinmu shi ne, yawancin makewayin da ake fasawa gyara kawai suke bukata, kuma kuɗin da za a ɓatar wajen fasawa ya fi kyau ya tafi ga kuɗin makarantar yara ko ga buhun hatsi. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Kada kuma wata ta ɗauka cewa muna nufin a ƙyale makewayi yadda yake. A'a. Daɓen da ya tsage yana riƙe ruwa, ruwan da ya kwanta kuwa nan sauro yake ƙwai, nan gansakuka take fitowa ta kawo santsi. In daɓen ya cinye har ƙasa ta bayyana, ga damshi kullum, ga masai kusa, to an yi wa tsutsar ciki shimfiɗa, irin wadda take huda fatar ƙafa ta shiga jikin yaron da ke yawo ba takalmi, ta yi ta shan jininsa. Sa'an nan ga katanga. Ruwan wanka da ke bin tsaga yana cin gindin ginin ƙasa a hankali ba wanda ya sani, sai watan Agusta ya zo da marka a wayi gari katanga ta kwanta. Ashe ke nan gyaran tilas ne. Abin da muke jayayya a kai shi ne a ce ba gyara sai fasawa.

Iyayenmu mata ba su san fasawa ba. Daɓe aikin mata ne tun asali. A tara maƙwabta da dangi, a baza tsakuwa ko marmara, a yayyafa ruwa, kowace ta ɗauki madaɓinta, ana bugu ana waƙa har ƙasa ta kwanta lumui. Bayan haka a jiƙa makuba, watau ɓawon ɗorawa, a yayyafa ruwanta a kai, daɓe ya yi duhu ya yi ƙarfi, ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. In shekara ta zagayo ya ɗan farfashe, sai a cike gurbin a sake bugawa. Magina kuma suna da laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina, da gashin jima, da dafara, shi ne simintinsu, har karofin rini da shi ake shafewa don ya riƙe ruwa. Yau kam samun katsi sai an sha yawo, gama marina sun ragu ƙwarai. Amma hikimar tana nan, a bar abin da yake da ƙarfi, a sabunta fuskarsa.

To, yaya za ki san naki na gyara ne? Ki sami ƙaramin dutse ki bi daɓen kina ƙwanƙwasawa. Inda kika ji ƙara mai tauri, simintin yana manne da ƙasa, lafiyarsa lau. Inda kika ji yana amsawa kamar ganga, to ya rabu da ƙasa, nan ne za a sare. Sau da yawa za ki tarar wurin da ya lalace bai wuce bakin rariya da inda ake tsayuwa a yi wanka ba. In an sare ruɓaɓɓen, a ɗan sassare fuskar sauran don sabon siminti ya sami abin kamawa, a wanke da burushi mai ƙarfi har daskararren sabulu da gansakuka su fita. Wannan wankin shi ne rabin aikin, kuma shi ne magina suka fi yi wa ha'inci, alhali kuwa siminti ba ya kama wurin da yake da maiƙon sabulu. A jiƙa wurin sosai tun daren jajibere. Da safe a dama zallar siminti da ruwa kamar kunu a shafa, kafin ya bushe a bi shi da kwaɓi.

Kwaɓin kuwa, awo ɗaya na siminti, awo uku na yashi mai tsabta wanda ba ƙasa a cikinsa. Buhun siminti mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne, saboda haka yashi kwano shida zai ci. Makewayi mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1 da rabi, in za a yi masa sabuwar fuska mai kaurin santimita 2 da rabi, buhu ɗaya ya ishe shi har da ragowa. 'Yammata 'yan makaranta, ga inda lissafin da ake koya muku zai yi rana. Ki ɗauki abin awo ki auna wa Inna makewayinta, ki fitar mata da yawan simintin, don in magini ya ce sai buhu uku ta san abin da za ta ce masa.

Abu biyu muke roƙon uwargida ta tsaya a kansu da kanta, ko ta sa babban ɗanta ya tsaya. Na farko gangara. Lalle ne daɓe ya karkata zuwa rariya, kamar faɗin yatsa ɗaya a kowane mita. Kada a sallami magini sai an tabbata da wannan, kuma in aikin ya kwana biyu ki zuba ruwan buta ɗaya a kusurwa mafi nisa ki ga ko zai tafi da kansa. Na biyu, kada a goge fuskar daɓen ta yi sumul kamar madubi. Magina suna son yin haka don a yaba hannunsu, amma a makewayi ganin kitse ake yi wa rogo. A ja tsintsiya a kai tun yana ɗanye ya ɗan yi kaushi. A kuma ɗaga simintin ya hau gindin katanga kamar kamu ɗaya, a lanƙwasa kusurwar, don kada ruwa ya sami mashiga.

Zancen santsi ya tuna mana da wani gida da muka je barka a Kurfi. An fasa daɓe mai kyau an sa tayil saboda zuwan amarya, sai dai mai aikin ya shimfiɗa irin na bango mai ƙyalli a ƙasa, don shi ya fi araha. Ba a yi wata guda ba mahaifiyar maigidan ta zame da butarta a hannu, ƙugu ya goce. Mun same ta a kwance, ita da take zuwa gona da ƙafarta. Yanzu an shimfiɗa tsohon buhu a kan tayil ɗin, ana takawa a hankali kamar masu satar hanya. Mai ciki da tsohuwa da ƙaramin yaro su ne masu shiga makewayi cikin duhu, don haka da su ya kamata a yi shawara kafin a duba abin da baƙi za su ce.

Wadda ta riga ta sa tayil, ita ma ba sai ta canja duka ba in ya fara tsufa. Galibi abin da yake lalacewa shi ne layin da ke tsakanin tayil da tayil. A ƙanƙare baƙin da tsinin ƙusa, a cike da farin siminti, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, sai ki ga wuri ya koma sabo. Wanda ya fashe ko yake amsawa, shi kaɗai za a cire a maye gurbinsa, shi ya sa yake da kyau a ajiye 'yan ragowa ranar da aka yi aikin farko. Ga kuma gargaɗi mai girma wajen wanki. Kada ki kuskura ki haɗa ruwan bilic da ruwan wanke masai mai asid wai don ya fi fita. Haɗuwarsu tana tayar da iska mai guba wadda take ƙona ido da huhu, ga makewayi kuwa wuri ne matsattse.

Game da bahon Turawa, shawararmu ga wadda ba ta saya ba ita ce ta dakata. Kafin mutum ya kwanta a cikinsa ruwa ya rufe shi sai an zuba fiye da lita 100, watau jarkar 'yan ga-ruwa huɗu ko fiye, alhali bokiti ɗaya ya ishi babba wanka. Madatsar ruwa ta Zobe tana nan kusa da mu tun 1983, an kuma ƙaddamar da aikin ruwan sha daga cikinta a 2021, amma har yanzu gidaje da yawa da rijiya da burtsatse da kura suke rayuwa. Mun ga gidajen da bahon ya koma ma'ajiyar jarkoki.

Wadda kuwa ta tarar da shi a gidan haya ko na gwamnati ya yi ja ya ɓamɓare, ta sani farin da ke jikinsa ba fenti ba ne. Gilashi ne aka narka a kan ƙarfe da wuta mai zafin da ya haura digiri 700, daidai da na kwanukan jeren iyayenmu, waɗanda in suka faɗi suka ɓantare sai tsatsa ta kama wurin. A Ingila da Amurka akwai masu sana'ar sabunta irin wannan baho a inda yake. Su goge shi, su cike gurabun, su fesa masa wani fenti mai tauri, ya yi wasu shekaru kafin a sake. Amma sana'ar tana da haɗari. Hukumar lafiya ta Amurka ta ba da rahoto a 2012 cewa masu wannan aiki 13 ne suka mutu tsakanin 2000 da 2011, saboda shaƙar tururin wani ruwan cire fenti a cikin banɗaki rufaffe, har daga baya a 2019 aka hana sayar wa jama'a irinsa a can. Saboda haka in mai fentin mota ya ce zai fesa miki baho, a buɗe taga da ƙofa, a fitar da yara da mai ciki daga wannan sashe, shi ma ya rufe hancinsa da abin kariya na gaske, kada kuma a bar shi shi kaɗai ba mai leƙa shi. In ɓantarewar kaɗan ce ma, goge tsatsar da cike gurbin ya wadatar.

Bahonmu na gida da bokiti da daro, su kam masu gyaransu suna nan a kasuwa. Mai ɗinkin roba ya ɗora ƙarfensa a wuta ya like tsaga, mai walda ya sa wa na ƙarfe sabon gindi, da kuɗin da bai kai rabin na sabo ba. Sai dai in an gama wanka ko wanki a kife baho. Yaro mai rarrafe yana iya nutsewa a ruwan da bai kai kamu ɗaya ba, kuma ba ya ihu.

Akwai fa wuri ɗaya da ba mu yarda da faci ba ko kaɗan, shi ne murfin masai. In kika ga tsaga ta ratsa shi, ko rodi ya bayyana yana tsatsa, ko yana motsi in an taka, ko ƙasar gefensa ta fara zaizayewa, kada ki bari a shafa masa siminti a ce an gyara. Shafen zai ɓoye tsagar ne kawai, ƙarfin da ya tafi ba zai dawo ba. Na da da aka yi da itace aka rufe da ƙasa ya fi haɗari, don gara tana cinsa ta ciki. A nan kam ki matsa wa maigida lamba, cikin ladabi amma ba fasawa, a rufe wurin a zuba sabon murfi da rodi, ko a haƙa sabon rami. Kuɗin da aka tsimin daga rashin sa tayil, ga inda ya dace ya tafi.

Lokacin yin duk wannan aiki shi ne rani, kafin ruwan farko ya sauka. Amma iskar hunturu da zafin bazara suna busar da siminti kafin ya yi ƙarfi, sai ya yi ta tsattsagewa a ce magini ne bai iya ba. Siminti da ruwa yake nuna. A rufe sabon daɓen da tsofaffin buhuna, a riƙa jiƙa su safe da yamma har kwana 7, ba a taka shi ba a zuba masa ruwan sabulu, ko da yake cikakken ƙarfinsa sai ya kai kwana 28. Tun kafin magini ya zo, ki sa a kafa zana biyu a wani lungu na tsakar gida inda za a riƙa wanka a wannan mako, gama in ba a tanadi wurin ba, tun a daren farko wani zai ɗage buhun ya shiga.