Malamin da ya ƙi gudu ranar Lahadi

A makon nan za mu yi nisan zango zuwa ƙasar Sin, mu tuna da wani malamin kimiyya, Kirista mai riƙo da addininsa, wanda ya rasu a 1945 yana tsare a hannun sojojin Japan. Sunansa Eric Liddell. Masu bin wasan tsere sun san shi da lambar zinariyar Olamfik, amma mu abin da ya fi jan hankalinmu shi ne wani alƙalancin wasa da ya yi wa yara wata ranar Lahadi.

An haife shi a birnin Tianjin na ƙasar Sin a 1902. Iyayensa 'yan Sikotland ne masu aikin mishan. Yana ɗan shekara shida aka kai shi makarantar kwana a Ingila tare da yayansa, iyayen suka koma bakin aikinsu, ba ya ganinsu sai in sun zo hutu bayan shekaru. 'Yan makarantar kwana da ke ƙirga kwanaki kafin ranar ziyara, ku auna wannan. Daga nan ya wuce Jami'ar Edinbara ya karanta kimiyya, har ya buga wa Sikotland ƙwallon zari-ruga sau bakwai.

Gwanintarsa a tseren mita 100 take. Sai ga shi an sa zagayen share fagen wannan tsere a gasar Olamfik ta Faris, ta 1924, a ranar Lahadi. Shi kuwa a fahimtarsa ta addini, Lahadi ranar ibada ce da hutu, don haka ya ce ba zai yi gudu ba. Ya sha suka, har da masu ganin ya juya wa ƙasarsa baya. Wanda ya kalli fim ɗin Chariots of Fire na 1981 zai ɗauka a kan hanyar zuwa gasar ya ji labarin ranar. Wannan ƙarin gishirin masu fim ne. Ya sani tun watanni kafin gasar, ya kuma koma atisayen mita 400. A tseren ƙarshe aka ba shi layin waje, inda ba ka ganin abokan karawarka. Ya zura da irin gudun nan nasa da babu kocin da zai koya wa ɗalibi, kai a ɗage sama, baki a buɗe, hannuwa na wutsil-wutsil, ya zo na ɗaya a daƙiƙa 47.6. Ya kuma sami tagulla a mita 200.

Yana ɗan shekara 23, sunansa na tashe, ya tattara ya koma Tianjin a 1925 ya kama koyarwa a wata kwalejin mishan. Yana koyar da kimiyya a aji, da yamma yana horar da yara wasanni. A 1934 ya auri Florence Mackenzie, 'yar Kanada, suka haifi 'ya'ya mata biyu. Daga baya aka tura shi aiki karkara, a daidai lokacin da yaƙin Sin da Japan ya yi tsanani.

A nan ne labarin ya fi yi mana nauyi. A 1941, da al'amura suka ƙara lalacewa, ya sa matarsa, tana da juna biyu, da 'ya'yansa a jirgin ruwa zuwa Kanada, shi ya tsaya. A can aka haifi 'yarsu ta uku, Maureen. Bai taɓa ganinta ba, ita ma ba ta taɓa ganinsa ba. Masu rubuta tarihinsa sukan yaba wannan tsayuwa, mu ma mun ga abin yabo a ciki, amma ba za mu ɓoye ba, 'yan mata uku sun tashi babu uba saboda ita. Ya tsirar da iyalinsa daga yaƙi, ya kuma hana su kansa. Duk ɗalibin da mahaifinsa ke aiki a nesa ya san ba a raba waɗannan biyun da sauƙi.

A 1943 Japanawa suka tsare shi a sansanin Weihsien, a lardin Shandong, tare da sauran 'yan ƙasashen da ke yaƙi da su. Wuri ne matsattse, abinci ba ya isa, har ɓawon ƙwai ake niƙawa a ba yara don ƙashinsu ya yi ƙwari. A cikin waɗanda aka tsare akwai ɗaliban wata makarantar kwana da aka kwaso gaba ɗaya, iyayensu na can wasu wurare. Mutumin da aka bari a makaranta yana ɗan shekara shida bai buƙaci a yi masa bayanin halin da suke ciki ba. Ya koyar da su kimiyya babu ɗakin gwaji. Ya shirya musu wasanni. Idan sandar ƙwallon gora ta karye, sai ya yagi tsumma ya ɗaure ta. Yana ɗebo wa tsofaffi da marasa lafiya ruwa da gawayi. Yaran suna kiransa Kawu Eric.

To, ga batun Lahadin. Yara suka so a riƙa wasa ranar, ya ce shi ba ya ciki, kamar yadda ya faɗa wa manyan ƙasarsa shekaru kusan ashirin baya. Suka shirya wasansu su kaɗai babu alƙali, aka tashi da dambe. Da wata Lahadin ta zagayo, sai ga shi a fili yana yi musu alƙalanci.

Wani zai ce ya saki aƙidarsa. Mu ba haka muka karanta abin ba. A Faris, shi kaɗai ne zai yi asara, kuma ya yarda ya yi ta. A Weihsien kuwa, da ya dage, yaran da ba su da kowa ne za su ci gaba da fasa wa juna baki. Abin da bai yi don zinariya ba ya yi shi don a zauna lafiya a tsakanin 'ya'yan mutane. Irin wannan rarrabewa ce muke nema a wurin malamin wasanni, da ma shugabannin ɗalibai da aka damƙa wa ƙanana.

A lokacin sanyi na ƙarshe, ya ba wani saurayi da takalmansa suka mutu nasa takalman gudun. Wannan saurayi daga baya ya shafe shekaru masu yawa yana aikin mishan a Japan, ƙasar waɗanda suka tsare su.

Ciwon kai ya matsa wa Liddell, ashe ƙari ne a ƙwaƙwalwa. Ya rasu ranar 21 ga Fabrairu, 1945, yana da shekara 43, kusan wata shida kafin sojojin Amurka su sauko da laima su 'yantar da sansanin. A 1991 aka kafa dutsen tunawa da shi a wurin, a birnin da yanzu ake kira Weifang. Daga wani tsibirin Sikotland aka sassaƙo dutsen.