Tsoho da Gemu: Dariyar da Ba Ta Zubar da Girma

Wataƙila a gidanku akwai dattijon da ya daina cin abinci cikin mutane tun da hannunsa ya fara karkarwa, ko gyatumar da ta ƙaurace wa biki da suna don kada a gan ta tana dogara sanda. Wataƙila ma kai ne ka dubi madubi ka ga fuskar da ba ka saba da ita ba. Ciwon gwiwa ana rubuta masa magani a asibiti, amma kunyar jikin da ya sauya ba ta da ƙwaya. Ita ce kuwa ke kulle tsoho a ɗaki, zaman ɗaki ya raunana tsoka, raunin tsoka ya jawo faɗuwa. A ganina, wani ɓangare na maganin wannan kunya yana hannun 'yan barkwanci.

A shekarar 1956 wani Bafaranshe mai suna Jacques Lecoq ya buɗe makarantar wasan kwaikwayo a birnin Paris, inda motsin jiki ne ke ba da labari kafin baki. Wata rana ya umarci ɗalibansa su ba juna dariya. Kowa ya fito da tsalle-tsalle da dabaru, ba wanda ya ko murmusa. Sai da suka koma suka zauna jiki a sanyaye, kunya ta rufe su, sannan dariya ta ɓarke. Nan ya gane cewa abin da mutum ke ɓoyewa, siraran ƙafafu ko manyan kunnuwa, shi ne jarinsa idan ya yarda ya nuna shi da kansa.

Masu kula da lafiya sun ari wannan hikima. A Ostareliya an yi wani bincike mai suna SMILE a gidajen kula da tsofaffi 35 na yankin Sidni, aka wallafa sakamakonsa a 2013. 'Yan barkwanci da aka horar sun riƙa ziyartar mazauna gidajen, da yawansu masu gigin tsufa. Ziyarar ba ta rage ciwon damuwa ba, amma ta rage rashin natsuwa da tayar da hankali. Ke nan wasa yana da amfani, yana kuma da iyaka.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. A wasan tashe na watan azumi akwai Tsoho da Gemu, inda yaro ke liƙa gemun auduga ya duƙa bisa sanda. Akwai kuma wasan kaka da jika, inda tsohuwa ke kiran jikanta miji, jikarta kuma kishiya. Abin da nake ba ka shawara shi ne tsohon da kansa ya karɓi wasan. Bayan la'asar, ya nuna wa jikoki yadda yake tashi daga kujera a da, da yadda yake tashi yanzu sai da nishi uku, su kwaikwaya, a maimaita. Ana dariya, cinyoyi kuma suna samun ƙarfi, domin tashi da zama daga kujera na cikin motsa jikin da ake koya wa tsofaffi don kauce wa faɗuwa. A jingina kujerar da bango, wani babba ya tsaya kusa.

Za ka ce girma zai zube. Zai zube idan wasu ne suka mayar da tsoho abin dariya. Saboda haka shi ne zai buɗe wasan, shi ne zai rufe shi. Da zarar fuskarsa ta sauya, a tsaya. Mai gigin tsufa kuwa ana wasa tare da shi, ba a kwaikwayon mantuwarsa.

Kada kuma raha ta rufe cuta. Yawan faɗuwa, sabuwar karkarwa, kuɓucewar fitsari, ɓacewa a hanyar gida, ko baƙin cikin da ya wuce mako 2, duk na likita ne, ba halin tsufa kawai ba. A kai shi asibiti, in an dawo a kira jikoki a ci gaba da wasan.