Hawan Dutse Daban, Sadaka Daban

Kwanakin baya a kasuwar Jibiya wani abokina mai sayar da atamfa ya miƙo mini takardar da makarantar ɗansa ta aiko masa. Yaron yana aji biyar a wata sakandaren kuɗi, ana so a kai su Tanzaniya da dogon hutu: su hau dutsen Kilimanjaro, su sauko su yi wa wata firamaren ƙauye fenti, su raba littattafai, sai gida. Kuɗin da dala aka rubuta shi, kuma ya fi jarin mutum uku daga cikin masu kasa kaya a bakin rumfarsa. Abin da ya fara sassauto da Alhajin shi ne kalmar "aikin agaji" da ke cikin takardar. Ya ce mini, "Malam, ko ba komai ai yaron ya samu lada."

Nan ne muka saɓa.

Wannan al'ada daga Ingila da Amurka aka kwaso ta, inda kamfanoni ke shirya wa ɗaliban sakandare irin wannan tafiya zuwa Kilimanjaro, ko dutsen Tubkal na Maroko, ko tsaunukan Simiyan na Habasha. Akwai abin yabo a ciki, ba zan ɓoye ba. A can sau da yawa yaro kan shafe shekara guda yana wanke motoci da ƙananan ayyuka domin ya tara kuɗin tafiyarsa da kansa. Mu kuwa mun ɗauko tafiyar mun bar wahalar, uba ne zai zaro kuɗi daga ciniki. Sannan Kilimanjaro, mai tsawon mita 5,895, ba a hawansa sai da jagora mai lasisi, kuma 'yan dako ne ke ɗaukar tanti da abinci, yaro ruwan shansa da rigar sanyi kawai yake goyo. Fentin kuma? Kowane ƙauye a Afirka yana da mai fentin da ke neman aiki, wanda zai gama da rana ɗaya abin da yara ashirin za su ɓata kwana huɗu a kai. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin lissafi: idan ka kashe buhu goma wajen kai buhu ɗaya, ba za ka kira shi ciniki ba. To don me za a kira shi sadaka?

Na tambayi Alhajin ko yana da dangi a Sudan. Ya yi dariya ya ce wa ba shi da su? Ƙanen kakansa ya tafi hajji a ƙafa, bai dawo ba.

To ga tafiyar ƙasar waje ta gaskiya, wadda kakanninmu suka yi. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, har suka zauna a bakin kogin Bulu Nil kusa da Sinnar, garin da ake kira Mai Wurno da sunansa. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, alhazan ƙafa daga Kano da Katsina da Damagaram suka riƙa yada zango suna cirar auduga domin su tara guzurin ƙarasawa Makka. Wasu suka wuce, wasu suka yi aure suka kafa ƙauyuka daga Jazira har Damazin. Yaro ɗan shekara sha biyar a ayarin nan shi ke ɗaukar ƙunshinsa, shi ke neman abin da zai ci.

Jikokinsu fa? A 2022 rikicin ƙasa da sarauta a jihar Bulu Nil ya ci ɗaruruwan rayuka, Hausawa da dama suka bar gidajensu. A Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF. A Disambar shekarar RSF suka kama Wad Madani, sojoji ba su karɓe ta ba sai Janairun 2025. Su ma suna da dutse, Jabal Moya a jihar Sinnar, amma a 2024 fagen daga ya zama, ba wurin ɗaukar hoto ba. Hukumar UNICEF ta ce a ƙarshen 2023 yara miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan.

Kada wani ya ce ina nufin a kwashi yara a kai can. Allah ya sawwaƙe. Ba mu manta da 2023 ba, lokacin da ɗalibanmu na Khartum suka kwana da kwanaki a kan iyakar Masar cikin rana kafin a samu kwaso su. Abin da ya riƙe mutane a yaƙin nan shi ne girkin taron unguwa da suke kira takaya, da kuɗin da dangi ke turowa ta waya, galibi ta manhajar Bankak. Wannan kuwa fanninku ne, 'yan kasuwa. Ku da kuke aika kuɗi daga Illela zuwa Kwanni, daga Maigatari zuwa Damagaram, da amana kawai, ba za ku rasa hanyar da za ta kai ga malamin makaranta a ƙauyen Hausawa na Jazira ba. A nemi dangin da aka sani, a tambaye su me ya karye, allo ne ko rufi ko albashin malami, su za su faɗa.

Shi kuma yaro, a bar shi ya hau dutse, yana da amfani. Ga Dala a Kano, ga Kufena a Zariya, idan ya isa namiji ga Chappal Waddi a Taraba, mafi tsawo a Nijeriya. Amma ya tsaya rumfa ranar kasuwa ya tara kuɗin motarsa, ya goyi jakarsa da kansa.

Alhajin ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya ce akwai wata gwaggonsu a Katsina da ke da lambar mutanen Sinnar, zai kira ta bayan la'asar.