RTX 3060 ko RTX 4060: Fa'idodi da Illolin Kowannensu ga Mai Sana'a a Haɗeja

Matasan Haɗeja da ke cin abinci da kwamfuta suna ƙaruwa. Akwai masu tace bidiyon biki da na hawan sallah, akwai masu zanen gidaje, akwai ɗaliban Kwalejin Binyaminu Usman da na Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa da ke koyon zane da shirya manhaja. Duk wanda aikinsa ya yi nauyi, wata rana sai ya buƙaci katin hoto, wato na'urar da ke ɗauke wa kwamfuta wahalar sarrafa hoto da bidiyo. Biyu daga katunan kamfanin Nvidia sun fi yawo a bakin masu matsakaicin ƙarfi: RTX 3060 da ya fito a Fabrairun 2021 kan dala 329, da RTX 4060 da ya biyo shi a Yunin 2023 kan dala 299. Kuɗi ne da ake tarawa da gumi, don haka ya kamata a auna su da ma'aunin garinmu.

Fa'idodin RTX 3060

Babban abin tinƙahonsa shi ne ma'ajiya mai gigabait 12, alhali ƙaninsa 8 gare shi. Ma'ajiyar kati kamar tamfol ɗin shanyar shinkafa take: in yana da faɗi, sai a baje buhuna da yawa a lokaci guda, in ya yi kaɗan, komai zafin naman leburan, dole a riƙa kwashewa ana sake zubawa. Mai tace bidiyon da aka ɗauka da 4K a DaVinci Resolve, ko mai gina hoto mai sassa da yawa a Blender, ya san ranar da ma'ajiya ta cika: hoton ya riƙa tsayawa yana fizga, murya ta wuce ta bar baki, wani lokaci manhajar ta rufe kanta ana tsakar aiki. Haka ma ɗalibin da ke son gwada ƙananan manhajojin ƙirƙirarriyar basira a kan kwamfutarsa, faɗin ma'ajiya ne ke yanke ko za su hau ko ba za su hau ba.

Hanyar da bayanai ke bi a cikinsa ma ta fi faɗi, bit 192 ce, tana ɗaukar gigabait 360 a daƙiƙa, ta ƙaninsa kuwa bit 128 ce mai ɗaukar 272. Sannan ana samun na hannu a kasuwa da ɗan rangwame.

Illolinsa

Yana cin wuta. Idan aiki ya yi tsanani yakan ja wat 170, kuma duk wutar da ya ci zafi take komawa a cikin shago. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Haɗeja ke haura digiri 40, fankokinsa ba sa hutawa, kuma kati in ya yi zafi da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone.

Illa ta biyu tana wajen saye. Ya fito ne a shekarun da ake rububin haƙar kuɗin intanet, lokacin da ake jera katuna ana barinsu a kunne dare da rana. Da Ethereum, ɗaya daga cikin irin waɗannan kuɗaɗe, ta daina wannan tsari a Satumbar 2022, katunan da suka gama shan wahala suka kwararo kasuwannin duniya. Ga kuma wani tarko: a ƙarshen 2022 an fitar da wani RTX 3060 mai gigabait 8, suna ɗaya amma ƙarfi ya ragu. Wanda bai duba ba sai ya biya kuɗin babba ya ɗauki ƙarami.

Fa'idodin RTX 4060

Wat 115 kawai yake ja, ragin wat 55 ke nan. A takarda ƙaramin abu ne, amma a yi lissafi: in kati ya yi aiki tuƙuru na awa 8, bambancin ya kai wat-awa 440. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana riƙe wat-awa 2,400, kuma irin na ruwa ba a so a zuƙe fiye da rabinsa. Ke nan sama da kashi ɗaya cikin uku na abin da za a mora daga batir guda ya tafi a wannan bambanci. Ga wanda wutar KEDCO ba ta isarsa, yake dogaro da sola da inbata, ko yake zuba fetur a janareto tun bayan cire tallafi a Mayun 2023, wannan kuɗi ne da ke fita daga aljihu kullum.

Ƙarancin cin wuta yana nufin ƙarancin zafi da ƙarancin ƙara. Ya kuma fi yayansa sauri a yawancin wasanni da ayyukan da ba su cika ma'ajiya ba. Yana iya matse bidiyo da tsarin AV1, wanda ke rage nauyin fayil ba tare da hoto ya dusashe sosai ba, abin da zai yi wa mai watsa wa'azi ko taro kai tsaye daɗi inda data ke tsada. Masu wasa kuma suna samun DLSS 3, fasahar da ke ƙirƙiro ƙarin hotuna a tsakani don motsi ya yi santsi.

Illolinsa

Gigabait 8 ɗin nan ita ce rauninsa, kuma ba a ƙara wa kati ma'ajiya bayan an saya. Manhajoji kullum ƙara nauyi suke yi, abin da ya isa bana zai iya gazawa nan da 'yan shekaru. Haka nan layuka 8 kawai yake amfani da su wajen haɗuwa da uwar allo, wato babban allon kwamfuta, maimakon 16. A sabuwar kwamfuta ba a jin wannan, amma a tsofaffin kwamfutocin ofis na gwanjo da mutanenmu suka fi saye, yana iya rage masa kuzari, musamman in ma'ajiyar ta cika.

Abin da ya shafe su duka

Ƙurar hunturu ba ta zaɓen kati. Buɗe kwamfutar da ta kwana biyu a shagon bakin titi, za ka tarar da ƙura ta danƙare a fikafikan fanka, ta toshe tsagogin ƙarfen da ke sanyaya kati, man da ke tsakanin ƙarfen da ƙwaƙwalwar katin ya bushe ya farfashe. Hurewa a kai a kai da sake shafa man sun fi sayen sabo araha. Dukansu biyu kamfani ya ba da shawarar a haɗa su da tukunyar wuta mai wat 550, kuma yawancin ƙananan kwamfutocin ofis ba su kai nan ba.

Wanne za a ɗauka?

Wanda abincinsa ke cikin bidiyo mai nauyi ko zane mai sassa da yawa, kuma yana da wadatacciyar sola, RTX 3060 mai gigabait 12 ya fi masa. Wanda aikinsa matsakaici ne, wuta kuma ita ce babbar damuwarsa, RTX 4060 zai fi riƙe masa jari. Kowanne ka zaɓa, ko a titin Beirut na Kano ko a hannun wani a nan gida, kada ka miƙa kuɗi sai an ɗaura shi a gabanka, an buɗe manhajar GPU-Z ka ga sunansa da girman ma'ajiyarsa, an ba shi aiki mai nauyi ka ga iyakar zafinsa. Ka duba kusoshinsa ko an taɓa kwance shi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ka san raunin katinka tun kafin ka biya, ka tabbata rauni ne da sana'arka za ta iya ɗauka.