Tsohon gida a bakin gari: a duba takarda kafin fenti

Da kaka ta yi, an kwashe amfanin gona an sayar da bisashe, akan samu ɗan kasuwa daga Alakos, ko malamin makaranta da ya daɗe yana aiki a Garazu, ya ɗaura niyyar mallakar gida a Gure ko a Damagaram, domin yara su zauna kusa da makaranta, shi kuma ya samu wurin hutawa ranar da ya aje aiki. Dillali kan kai shi bakin gari, ya nuna masa irin gidajen nan na siminti marasa bene, masu rufin kwano da baranda da faffaɗan fili, waɗanda aka gina da yawansu a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin uraniyom suka yi auki. An shafa sabon fenti, farashi kuma ya yi sauƙi. To, a nan ne ya kamata mai saye ya yi hattara, don abin da ya tara cikin shekara ashirin yana iya salwanta a yini guda.

Abu na farko shi ne takarda, domin ba a cinikin biri a sama. A cikin gari, fili na da takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa, wato acte de cession, kuma wadda ta fi ta ƙarfi ita ce titre foncier. A karkara kuwa, dokar ranar 2 ga watan Maris 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye masu ba da shaidar mallaka da ta ciniki. Wajibi ne a je ma'aikatar da ta ba da takardar, a tabbata sunan da ke ciki da lambar filin sun yi daidai da na rajista, kuma ba a jinginar da gidan ga banki ba.

Sai maganar gado. Gidan da ya haura shekara arba'in, sau da yawa mai shi ya riga mu gidan gaskiya. Ɗa guda na iya riƙe da makulli, alhali yana da 'yan'uwa mata da ke aure a wasu garuruwa, da wani ƙane da ke ci-rani a Libiya. Muddin ba a raba gado ba, ko magada duka ba su amince a gaban alƙali ba, wanda ya biya kuɗi shari'a ya saya, ba gida ba.

Abu na uku shi ne ƙasar da gidan ke kai. Gidan da aka gani da rani ba a gan shi ba. Sai a koma cikin watan Agusta, bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi, a ga inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, balle gidan da aka gina cikin kwari ko bakin tabki. A ƙasar Gure akwai ƙarin abokan gaba biyu: yashi mai tafiya da iska har ya danne katanga, da kanwa mai tasowa daga ƙasa tana cin gindin bango. Farin gari da ɓarɓashin yaɓe a ƙasan bango alamarta ce.

Ruwan sha ma abin tambaya ne. Damagaram a kan dutse take, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka maida babban birni Yamai a 1926. Ganin kan famfo a tsakar gida ba shi ne samun ruwa ba. Maƙwabta su ne za su faɗi gaskiyar lokacin da yake zuwa, da abin da suke biyan 'yan ga-ruwa kowace rana. A kuma nemi rasit na ƙarshe na NIGELEC da na harajin gida, kada a gaji bashin wani.

Bayan wannan duka ne za a dubi ginin kansa, tare da maginin da mai saye ya kawo, ba na dillali ba. Tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, musamman wadda aka like ta sake buɗewa, tana nuna harsashin gini ya motsa, kuma fenti ba ya maganinta. A hau a duba tsatsar kwano, a ƙwanƙwasa katakon rufi saboda gara, a dubi tsofaffin wayoyin wuta da ramin salga. Magini ya ƙiyasta kuɗin gyara, a haɗa da farashin gidan, sannan a gwada da kuɗin sayen fili da sabon gini.

Ba a ce tsohon gida ba shi da alheri ba. Filinsa ya fi na yanzu faɗi, itatuwansa sun yi inuwa, an san halin maƙwabta, kuma bangon da ya ga damina arba'in bai tsage ba ya riga ya ba da shaidar kansa. Sai dai mai saye ya bi abin daki-daki: takarda, magada, ƙasa, ruwa, sannan bango. Dillalin da ya ce a biya yau don wani na jira, a bar wa wanin. Allah ya sa a dace.