Waiwaye: Ranar da Aka Ce Fili Bai Dace da D'Oliveira Ba

Ranar 24 ga Nuwamba 2024 'yan wasan kurket na Kwaddibuwa suka kara da na Najeriya a wasannin share fagen gasar duniya. Najeriya ta tara maki 271, Selim Salau shi kaɗai ya ci 112. Da Kwaddibuwa ta karɓi sanda, kafin a ankara an fitar da 'yan wasanta kakaf da maki 7 kacal, mafi ƙanƙanta da wata ƙasa ta taɓa samu a irin wannan gajeren wasa na maza. Ba abin mamaki ba ne, domin sai a 2022 hukumar kurket ta duniya, ICC, ta karɓi ƙasar.

A kasuwar Treichville da ke Abijan ba da kurket ake kwana ba. Hirar ƙwallon ƙafa ce, ta ASEC da Africa Sports da Giwaye. Amma labarin ya iso ta waya, kuma 'yan Najeriya, waɗanda har lokacin ke jin zafin ci 2 da 1 da aka yi musu a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Fabrairu, suka sami abin ramuwa. A rumfar mai garba, ana soya kifi ana ɗibar aceke, musu ya kaure. Wani ya ce baƙon fili ne ya ci yaran, wani ya ce ba a iya zaɓen 'yan wasa ba. Wani dattijo mai sayar da yadi ya ce, "Haba Alhaji, a bar yara su koya. Da rarrafe yaro kan tashi. Ai dai an bar su sun shiga fili." Maganarsa ta ƙarshe ita ce ta mai da ni 1968, shekarar da aka hana wani gwani shiga fili a ƙasar da aka binne cibiyarsa.

An haifi Basil D'Oliveira a Cape Town a 1931. Dokar wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta jefa shi rukunin masu ruwa biyu, don haka shimfiɗaɗɗun filayen ciyawa na Turawa suka haramta gare shi. A kan darduma da ake shimfiɗawa bisa tsakuwa ya koyi wasa, har sunansa ya cika unguwannin da ba na farare ba. A 1960, da taimakon mai sharhin rediyo John Arlott, ya tafi Ingila. Ya buga wa Middleton, ya koma Worcestershire, a 1966 ya sa rigar Ingila.

A ƙarshen 1968 Ingila za ta kai ziyarar wasa Afirka ta Kudu, kuma gwamnatin John Vorster ba ta son ganinsa cikin ayarin. Wani jami'in kamfanin taba ya yi masa tayin aikin koyarwa da kuɗi masu tsoka, bisa sharaɗin ya janye da kansa. Ya ƙi. A watan Agusta, a filin Oval na Landan, ya ci wa Ingila maki 158 a kan Ostareliya. Ranar ƙarshe ta wasan ruwan sama ya malale filin, 'yan kallo suka sauko da barguna suna tsane shi. Da aka koma wasa, mutum biyu na Ostareliya suka kafe, lokaci na ƙurewa. D'Oliveira ne ya jefa ƙwallon da ta fitar da Barry Jarman, sannan Derek Underwood ya ƙarasa sauran saura 'yan mintuna a tashi.

Washegari aka fitar da sunayen masu tafiya, babu nasa. Kwamitin zaɓe na ƙungiyar MCC, wanda Doug Insole ke shugabanta, ya kafa hujja da fili. A Ingila akwai laima da gajimare da ɗanyar ciyawa, ƙwallo kan karkace a iska ta kuma zame idan ta taɓa ƙasa, don haka mai jifa matsakaicin gudu irin D'Oliveira yana cin kasuwarsa. A Afirka ta Kudu ƙasa busasshiya ce mai tauri, ƙwallo na tashi sama, sai mai jifa da ƙarfi. Suka ce saboda haka a matsayin mai bugu kawai suka duba shi, kuma akwai waɗanda suka fi shi. Bayanin filin gaskiya ne, kowane masanin wasan zai yarda da shi. Abin da mutane suka kasa haɗiyewa shi ne a auna mutumin da ya ci 158 da wannan mudu, a auna sauran da wani.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar 16 ga Satumba Tom Cartwright ya janye saboda rauni. Cartwright mai jifa ne, kuma wanda aka kira ya maye gurbinsa shi ne D'Oliveira, wanda aka ce jifarsa ba ta da amfani a can. Washegari a Bloemfontein Vorster ya shaida wa magoya bayansa cewa ba zai karɓi wannan ayari ba, yana zargin masu adawa da wariya ne suka zaɓe shi. Ranar 24 ga Satumba aka soke ziyarar.

Daga nan Afirka ta shiga maganar da ƙarfinta. Da aka shirya 'yan Afirka ta Kudu su zo Ingila a 1970, matasa irin su Peter Hain suka cika tituna, Majalisar Ƙolin Wasanni ta Afirka kuma, wadda ɗan Najeriya Abraham Ordia ke jagoranta, ta yi barazanar ƙaurace wa wasannin Commonwealth na Edinburgh. A watan Mayu aka soke wannan ziyarar ma. Afirka ta Kudu ba ta sake buga kurket a hukumance da wata ƙasa ba sai 1991, bayan an saki Nelson Mandela.

Abijan ta bi wata hanya dabam. Shugaban ƙasar na lokacin, Félix Houphouët-Boigny, wanda aka kafa jam'iyyarsa ta PDCI a nan Treichville a 1946, ya yi kira a 1970 da a zauna a yi magana da gwamnatin wariya. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta yi watsi da shawarar a 1971, amma a 1974 Vorster ɗin nan ya sauka Yamusukuro. A 1976, da ƙasashen Afirka fiye da ashirin suka fice daga wasannin Olamfik na Montreal kan batun wariya, Kwaddibuwa da Senegal suka tsaya. Houphouët-Boigny yana gudun zubar da jini ne, kuma a teburi aka ƙare daga baya. Sai dai a ganina masu wariya ba su zauna teburin da gaske ba sai da duniya ta ƙi wasa da su, ta ƙi ciniki da su.

Darasin ya fi kusa da mu fiye da yadda muke zato. Son kai ba ya zuwa da sunansa, da hujja mai kyan ji yake zuwa: fili bai dace da shi ba, takardarsa ba ta cika ba, bai san gari ba. Ƙasar nan ta ɗanɗana kuɗarsa lokacin da tambayar wane ne ɗan ƙasa na asali ta hana Alassane Ouattara takara a 2000, ta kuma zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka hura wutar yaƙin 2002. Mu Hausawan Treichville da Adjamé, da muke da jikoki haifaffun nan waɗanda har yau ake kira baƙi, mun san ciwon. To kada mu yi wa juna. Idan za mu zaɓi yaran ƙungiyar unguwa, ko shugaban 'yan kasuwa, ko mai riƙe asusun masallaci, kada mu tambaya ɗan Maradi ne ko ɗan Kano, ɗan wane ne ko ɗan mai tura baro. A faɗi ƙa'ida a bainar jama'a tun kafin a ga fuskoki, a kuma tsaya a kanta ko ta faɗa kan wa. Wanda ya ga an karkata ya yi magana a wurin, domin da mutanen Ingila sun yi shiru a 1968, da ayarin ya tafi ya dawo, D'Oliveira na zaune a gida, wariya kuma ta ƙara samun gindin zama.