Garke da Amfaninsa ga Ƙasar Noma

Idan Bahaushe ya ce garke, yana nufin taron shanu, yana kuma nufin wurin da suke kwana, wanda akan kewaye da rassan ƙaya, a shimfiɗa dangwali a gefe domin maruƙa. Fulani suna ce da wurin walde, mutanen Afirka ta Gabas boma, Larabawa kuwa zariba. Ruga ita ce mazaunin makiyaya ɗungum, da bukkokin da garken.

Wannan kalma ta ruga ta ta da ƙura a Nijeriya cikin 2019, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta yi niyyar kafa wa makiyaya matsugunai da wannan suna, har aka dakatar da shirin ran 3 ga Yuli. An sha gardama a kan sunan da filin da za a bayar, amma ba a cika tambayar abin da garke yake yi wa ƙasa ba.

To, masana sun bincika. A 2018 Fiona Marshall da abokan aikinta suka bayyana a mujallar Nature cewa sun auna kufan garke a kudancin Kenya, waɗansu sun shekara fiye da 3,000, suka iske har yau ƙasar wurin ta fi ta kewaye abincin shuka, watau naitirojin da fosfaras.

Manomin Kano da na Katsina ya daɗe da sanin haka. Bayan girbi yakan gayyato Bafillace ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara da harawa, su kwana, bayan 'yan kwanaki a gusa da garken gaba, shi kuwa ya sallame shi da hatsi. Gwajin da aka yi a tashar ICRISAT ta Sadore, kusa da Yamai, ya nuna geron da aka shuka inda dabbobi suka kwana ya fi na inda aka zuba busasshen taki kawai. Dalili kuwa shi ne fitsari. Naitirojin mai yawa a cikinsa yake, ba kuwa mai iya ɗauko shi a mangala.

Amma fa sai garken yana gusawa. In ya dawwama wuri guda, kashin yakan taru tsibi, ya riƙa fitar da wata iska mai ƙara ɗumamar duniya. Wani bincike na 2020 ya iske tsofaffin boma suna fitar da ita shekara 40 bayan an tashi.

Saboda haka duk shirin da zai killace shanu nesa da gonaki, tun daga dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 har zuwa na yau, yana raba gona da takinta, alhali buhun takin zamani ya fi ƙarfin talaka. Ya kamata hakimai da malaman gona su sa ranar da shanu za su shiga gonaki kowace kaka, a buɗe burtalin da aka nome, a kuma rubuta sharuɗɗan saukar garke a gaban dagaci da arɗo.